Ashe Mu Ne Masu Dalle Wa Mutane Ido A Hanyar Jos



Mun daɗe muna son mu ba da wannan labari, kunya ce ta riƙe mu. Ba daɗi mutum ya fito gaban jama'a ya ce shi ne mai laifi, ballantana a kan abin da ya yi shekaru yana zagin wasu a kai. Amma mun ga idan muka yi shiru wani zai iya faɗawa ramin da muka faɗa, kuma ba lalle ya fita da sauƙi kamar yadda Allah Ya fitar da mu ba.

Mu uku ne 'yan gida ɗaya a nan cikin garin Bauchi, muna da mota guda ta haɗin gwiwa, tsohuwar Peugeot 406 doguwa 'yar Belgium. Ita ce motar asibiti, ita ce ta biki, ita ke kai yara makaranta. Da damina ta ɗauke bara, ruwa ya riga ya zaizaye layinmu, sai motar ta fara ƙara a gaba, kuma duk tudun rage gudu da muka hau sai cikinta ya gogi ƙasa. Muka kai ta gareji. Makanike ya duba ya ce shokozoba biyu na gaba sun mutu, sifirin ma sun gaji. Muka ce a canza, kuma a ɗan ɗaga mana ita don ta daina gogar ƙasa. Tsakani da Allah ya gaya mana na baya ma sun fara kwanciya, mu ne muka ce a bar su sai wani wata, kuɗin bai kai ba. Aka gama aiki, aka kai ta wajen masu saitin taya, muka biya kowa haƙƙinsa muka dawo gida muna murna. A duk wannan zirga-zirga ba wanda ya ambaci fitila, mu ma ba ta zo mana a rai ba. Me ya haɗa fitila da ƙafar mota?

Daren farko da muka fita, daga Wunti zuwa Gidan Mai, har yaba motar muka riƙa yi. Haske yana tafiya nesa, muna karanta allunan shaguna tun daga can, har ganyen bishiya muna gani. Autanmu ya ce, "Yaya, ashe gyaran nan har fitila ya ƙara wa ƙarfi." Muka yi dariya.

Daga nan sai mutane suka fara ƙifta mana fitila. Mota ta ƙifta, mai Keke Napep ya ƙifta, wani ma a hanyar Yelwa wajen Gwallameji har ya leƙo da kai ya faɗa mana maganar da ba za ta maimaitu ba. Mu kuwa muna kan dim, mun san muna kan dim. Sai muka yanke cewa mutanen gari ne suka lalace, ba haƙuri, ba ladabi. Duk wanda ya ƙifta mana sai mu sakar masa ful gaba ɗaya, wai don ya san bambanci. Kusan wata biyu muna wannan ramuwa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To mu a kan namu muke zaune, da injin a kunne.

Cikin hunturu muka je ta'aziyya Jos. Tafiya ce ta kusan kilomita 130, mun so mu juyo da wuri amma ba mu baro ba sai bayan magariba. Mu biyar ne a motar, uku a baya, ga buhun dankalin Turawa biyu da kabeji a but, don ba a zuwa Jos a dawo hannu rabbana. Bayan motar ya zauna sosai. Tun daga Tilden Fulani ake ƙifta mana, Magama Gumau haka, Nabordo haka. Ga hazo ya sauko, haskenmu yana dukan ƙura yana dawo mana. Babbanmu da ke tuƙi ya faɗa rami har sau biyu, yana ta mitar hanya, bai lura cewa gaban motar ne ba haske ba, duk ya tafi sama.

Tsakanin Zaranda da Buzaye muka hango fitila ɗaya tana tahowa, mai babur. Ya ƙifta sau ɗaya, ya ƙara. Babbanmu ya ce, "Kun gani ko? Har da mai babur." Wannan karon ko ful bai taɓa ba. Saura kaɗan mu gifta juna sai muka ga fitilar ta yi layi, ta gangara gefen titi, ta mutu.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai ɗan lokacin da ba wanda ya ce komai a motar, kuma ƙafar direba ba ta bar totur ba. Dare ne, daji ne, kuma ba mu taɓa shi ba. Innarmu da ke baya ce ta ce, "Wallahi sai kun juya." Muka juya.

Magidanci ne da zai kai shekara hamsin, da matarsa a baya, ita kuma da goyo. Bakin kwaltar wurin ya gutsure, tayarsa ta zame ta sauka. Shi ya ƙuje gwiwa da hannu, matar ta yi targaɗe a wuyan hannu don da shi ta tokare ƙasa kada ta danne yaron. Yaron kuka kawai yake yi, ko ƙwarzane babu. Muka ɗauki matar da yaron zuwa wani ƙaramin asibiti, autanmu ya biyo mu da babur ɗin. Muna jira a waje mutumin ya dubi babbanmu, ba faɗa ba zagi, ya ce, "Alhaji, na roƙe ka sau biyu ka rage min wuta."

Babbanmu ya ce, "Malam, wallahi a kan dim nake."

Bai yarda ba, sai da muka kai shi gaban motar muka kunna masa dim, muka kunna ful, muka dawo dim. Ya girgiza kai ya ce, "To in wannan ne dim ɗinku, Allah Ya raba mu da ful ɗinku."

Daren nan ba wanda ya yi barcin kirki a gidanmu.

Washegari muka koma gareji. Makanike ya ce shi aikin ƙasa ya yi, fitila ta mai wayarin ce. Mai wayarin ya kunna ya ga dim na kamawa, ful na kamawa, ya ce lafiyarta ƙalau, in gidan fitilar ne ya goce to sai fanal bita. Fanal bita ya girgiza gidan ya ce daram yake. Kowannensu gaskiyarsa ya faɗa a iya sana'arsa. A nan muka gane cewa saitin fitila maraya ne, ya faɗa tsakanin sana'a uku, in mai mota bai tambaya ba ba mai yi masa.

Wanda ya warware mana shi ne maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Jos, Bauchi da Maiduguri kafin ya ajiye tuƙi. Da ya ji labarin sai ya ce, "Ku yaran nan, kun ɗaga wa mota haɓa kuna mamakin tana kallon sama? Bayan isha'i ku zo da tef ɗin awo da gawayi da sukundireba."

Muka kai motar bayan makarantar firamare ta unguwa, inda fili yake a baje kuma akwai dogon bango. Baba ya sa aka auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, muka samu santimita 65. Aka ja layi da gawayi a bango a daidai wannan tsayi. Aka ja motar baya, a miƙe, mita 10. Direba na zaune a ciki aka kunna dim. Sai ga shi hasken yana da iyaka a sama, layi ne sarai tsakanin haske da duhu, abin da ba mu taɓa lura da shi ba duk shekarun da muka yi muna tuƙi. Baba ya haska mana jikin gidan fitilar da tocila, ga rubutu ƙarami: 1.0%. Ya ce ma'anarsa a kowace mita ɗaya haske ya sunkuya da santimita ɗaya. A mita 10 ke nan, iyakar hasken ta sauka ƙasa da layin gawayi da santimita 10, wajen inci 4. Namu kuwa a kan layin yake, har ya ɗan haura.

Sai ya ce mutum uku su shiga baya, a sa buhun masara biyu a but, kamar daren Jos. Muna kallo layin hasken ya hau bango, ya tsaya santimita 12 a saman gawayi.

Daga baya muka zauna muka yi lissafin, kuma muna so kowa ya bi shi a hankali don shi ne zuciyar maganar. Tsakanin tayar gaba da ta baya a motarmu mita 2.7 ne. Idan gaba ya tashi da santimita 3 kawai, faɗin yatsu biyu, motar ta ɗaga kai da fiye da kashi 1 cikin 100. Wannan kaɗai ya cinye duk sunkuyon da masu ƙera ta suka yi wa fitilar. Idan baya ya ƙara zama da wasu santimita 3 saboda kaya da gajiyayyen sifirin, to haske ya koma hawa. Fitilar da ya kamata iyakar haskenta ta sauka a kwalta wajen mita 65, yanzu a mita 40 tana tsayin sama da mita ɗaya, daidai idon direban ƙaramar mota. A mita 70 kuwa tana fuskar mai babur.

Amma ba lissafi ne ya karya mana zuciya ba. Baba ya ce mu taka taku hamsin gaban motar mu ɗan rusuna, mu kalle ta. Muka je ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, ba ka ganin komai. Ba mota, ba bango, ba ƙasar da kake takawa, sai farin haske kawai. Da aka kashe ma sai da muka ɗan jima muna ganin duhu-duhu kafin ido ya dawo. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan idonsa ya ɗauke na daƙiƙa 3, ya yi mita 66 ke nan a makance, a hanyar da ba a raba ta biyu ba, mai ramuka, mai shanu, mai masu tafiya a ƙasa. Kuma idon dattijo ya fi na yaro jinkirin dawowa. Wannan muka yi wata biyu muna yi wa bayin Allah, in sun yi ƙorafi mu ƙara musu.

Autanmu ya ɗauko sukundireba zai fara juyi, Baba ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Ba a gyara ido a bar ƙafa. Ku fara tsayar da ita daidai." Dole muka nemo kuɗin da muka ce babu, aka canza sifirin da shokozoba na baya, aka bar motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya don sababbin kayan su zauna, sannan muka koma bango. Saitin kansa bai ci rabin awa ba.

Ga yadda ake yi, ga duk mai so ya duba tasa:

A nemi fili mai baje da bango a gabansa. A tabbatar iskar tayoyi daidai take, a sauke kaya daga but, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba. A ɗan danna motar gaba da baya a saki don ta zauna yadda ta saba.

A matso da ita dab da bango, a yi alamar tsakiyar kowace fitila, tsayinta da kuma inda ta fuskanta. A ja baya a miƙe mita 10. In wuri ya yi kaɗan a yi mita 5, sai a raba awon biyu.

A kunna dim, ba ful ba. Mutum ya tsaya gaban fitila ɗaya ya tare ta, a saita ɗayar. A bayan gidan fitila akwai noti ko sukuru na saiti, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Motocin da suka fito daga Amurka da yawansu na sama da ƙasa kaɗai ake iya juyawa. A riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har iyakar haske ta sauka ƙasa da alamar gwargwadon lambar da ke jikin fitilar. In an rubuta 1.2%, santimita 12 ke nan a mita 10. In ba a ga rubutu ba, santimita 10 ba za ta cutar da kowa ba.

A daren ne kuma muka gano wani abin kunya. A gefen sitiyari akwai ɗan maɓalli mai juyawa da lambobi 0, 1, 2, 3. Duk zamanmu da motar mun ɗauka na hasken mita ne. Ashe shi ke sunkuyar da fitila idan an yi lodi: 0 in direba ne shi kaɗai ko da mutum ɗaya a gaba, sai a riƙa ƙarawa gwargwadon nauyin baya. Yawancin motocin da suka fito daga Turai suna da shi, irin su Golf da Sharan da Vectra da ke jigila tsakanin Bauchi da Gombe da Jos, waɗanda kullum bayansu a ƙasa yake saboda kaya. Kafin a yi saiti a bango a tabbatar yana kan 0. Da mun murɗa shi a Tilden Fulani, wataƙila da matar nan ba ta ɗaure hannu ba.

Masu manyan motoci na zamani, irin masu farar fitila mai tsananin haske, su ma ba su tsira ba. Da yawansu ba su da wannan maɓalli, motar ce ke saita kanta. Akwai wata 'yar na'ura a jikin ƙafar motar, da ɗan siririn hannu da ke gaya mata ko baya ya zauna ko ya tashi. Wajen canza shokozoba ana iya cire hannun a manta ba a mayar ba, ko a karya shi, ko a ɗaura shi a juye. Sai motar ta ɗauka wani abu daban, ta ɗaga fitila sama ko ta kifar da ita ƙasa. In hakan ta faru bayan gyara, a fara leƙa wannan hannun kafin a taɓa noti.

Baba ya ƙara nuna mana wani abu a bango. Layin hasken ba a miƙe yake gaba ɗaya ba: a hagu yana kwance, a dama sai ya ɗan hau. Ya ce da gangan aka yi, don a haska gefen titi inda mutane da dabbobi suke, a kuma kare idon mai tahowa ta hagu. Ya ce shi yana yaron mota lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma a wurin iyayen gidansa na lokacin ya fara jin wannan magana. Har yau ƙasashe irin su Ingila da Japan ta hagu suke tuƙi, fitilunsu ta hagu suke hawa. Duk wanda ya sayi motar da aka juya mata sitiyari, ko ya sayi gidan fitila na hannu bai san daga ina ya fito ba, ya duba bango. In haske ya hau ta hagu, yawanci ba saitin da zai gyara shi, sai canji.

Haka nan fararen ƙwayayen LED da ake ta sakawa yanzu a gidan da aka ƙera don ƙwan halojin. Sau da yawa idan ka haska bango ba za ka ga layi ba sam, haske ne warwatse ko'ina. Mai motar yana jin daɗi, na gabansa yana salati. Ko ƙwai na asali ma, in ba a zaunar da shi daidai a mazauninsa ba, haka zai yi. Gilashin da ya dushe ya yi rawaya shi ma watsa haske yake yi, a goge shi.

Wani zai ce ai aikin hukuma ne. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988 da jami'an duba lafiyar motoci suna iya tsayar da mai fitila ɗaya, amma fitilar da ke kallon sama ba a gane ta da rana tsaka a bakin titi. Wannan aibi ne da mai shi ba ya jin zafinsa, hasali ma daɗinsa yake ji. Wanda ke gabanka ne kaɗai ya san halin da fitilarka take ciki, kuma ba shi da bakin da zai gaya maka sai ƙiftawa. In mutum ɗaya ya ƙifta maka, wataƙila shi ne da matsala. In uku suka yi a dare ɗaya kana kan dim, to ka nemi bango. In kuma kai aka dalle, ka rage gudu, ka mayar da ido gefen titi na damanka, kada ka rama. Makafi biyu a hanya ɗaya ba su fi ɗaya alheri ba.

Ga 'yan uwanmu makanikai, roƙo muke yi ba zargi ba. In kun canza wa mutum shokozoba ko sifirin, ko kun ɗaga masa mota, ko an yi gyaran gaba bayan karo, ku ce masa ya duba fitila. Kalma ɗaya ce. Yadda kuke tura mu wajen saitin taya, ku riƙa tura mu bango.

Bayan sati biyu muka koma duba mutanen nan a ƙauyensu, da ɗan abin da ya sawwaƙa. Hannun matar ya yi sauƙi, yaron yana ta rarrafe a tsakar gida. Muka gaya wa maigidan abin da muka gano, muka nemi ya yafe mana. Ya ce ya yafe tun a daren, don da yawa ba sa juyowa. Ba mu gaya masa cewa saura ƙiris mu ma mu kasance cikinsu ba, amma mu mun sani, Innarmu ma ta sani.

Da za mu tafi magariba ta yi. Ya raka mu bakin hanya, ya ce a kunna masa ya gani. Ya taka can gaba ya juyo ya tsaya cikin hasken, haske ya tsaya masa a gwiwa. Ya ɗaga mana hannu, kuma mun lura bai kare idonsa ba. Daga nan har muka shigo Miri ba wanda ya ƙifta mana ko sau ɗaya.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yau da dare, in an dawo daga masallaci ko daga kasuwa, a juya hancin mota ko babur ko Keke ga bangon gida a kunna dim a gani. Gawayi ba a saye, bango ma kyauta ne.

Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin wani da saninmu ko ba da saninmu ba. Amin.